Grant-Kohrs, Gandun Johnson ko Wilder: Wane Tsohon Gandun Kiwo Ya Fi Cancantar Ziyara a Amurka?

Bahaushen da karatu, aiki ko ziyarar 'yan uwa ta kai shi Amurka, idan ya sami hutun 'yan kwanaki, yawanci hankalinsa kan karkata ne ga manyan birane da dogayen benaye. Sai dai akwai wani nau'in wurin ziyara da ya fi kusa da abin da muka tashi muka gani a gida, wato tsofaffin gandayen kiwo waɗanda wani iyali ya riƙe shekara da shekaru, daga baya suka koma hannun gwamnati, aka bar gidajen kwana da bargar dawaki da kayan aiki yadda masu su suka bar su, aka buɗe ƙofa ga kowa. Guda uku ne suka fi dacewa a auna su da juna: Grant-Kohrs a jihar Montana, gandun marigayi shugaba Lyndon Johnson a jihar Texas, da kuma Wilder a gaɓar tekun Kalifoniya. Tazarar da ke tsakaninsu ta dubban kilomitoci ce, don haka da wuya mutum ya haɗa su a tafiya ɗaya, dole ya zaɓa. A kan takarda duk ukun sun yi kama, amma abin da baƙo zai dawo da shi daga kowannensu ya sha bamban ƙwarai, kuma wanda ya zaɓa saboda kusanci kaɗai yana iya zuwa neman shanu ya tarar da tarihin siyasa, ko ya je neman tarihi ya tarar da hanyar 'yan keke.

Grant-Kohrs yana gefen wani ƙaramin gari mai suna Deer Lodge, wanda mazaunansa ba su wuce kimanin dubu uku ba, a kan babbar hanya mai lamba 90 tsakanin biranen Butte da Missoula. Wanda ya fara kafa shi, Johnny Grant, ɗan kasuwa ne daga Kanada, kuma yadda ya tara dukiyarsa abu ne da duk wanda ya san kasuwar kara zai gane nan take. Ayarin masu ƙaura zuwa yammacin Amurka kan iso da shanu ramammu, waɗanda doguwar tafiya ta galabaitar, sai Grant ya ba su saniya ɗaya mai ƙoshin lafiya ya karɓi biyu gajiyayyu, ya kai su kwarin Deer Lodge su yi hunturu a kan ciyawa mai kyau, badi kuma ya koma da su ya sake musaya. A shekarar 1862 ya gina gidan katako mai hawa biyu wanda har yau yake tsaye, a 1866 kuma ya sayar da gidan da gandun ga Conrad Kohrs a kan dala 19,200, ya koma Kanada.

Shi Kohrs Bajamushe ne, an haife shi a 1835, ya zo yankin ne neman zinariya amma sana'ar fawa ce ta ɗaga shi. Ya fahimci cewa masu haƙar zinariya, ko sun samu ko ba su samu ba, dole su ci nama, sai ya buɗe shagunan fawa a sansanoninsu, daga nan ya shiga kiwo domin ya riƙa samar wa kansa shanun yanka. Tare da ɗan'uwansa John Bielenberg, wanda suke uwa ɗaya, ya kai matsayin da shanunsa, kimanin 50,000 a lokacin da suka fi yawa, suke kiwo a kan fili mai faɗin eka miliyan 10 da ya ratsa jihohi da dama har cikin Kanada, kuma duk shekara yana loda dubbai a jirgin ƙasa zuwa mayankar Shikago. Mafi yawan wannan fili ba nasa ba ne, filin gwamnati ne da babu shinge, wanda kowa ke sakin dabbobinsa a kai, a bambance su da lalas ɗin da aka yi musu a jiki. Ya kamata mai ziyara ya riƙe a ransa cewa wannan sararin bai samu ba sai da aka kori 'yan asalin ƙasar daga yankunansu, aka kuma ƙarar da ɓaunar da suke rayuwa a kanta.

Abin da ya sa nake ganin wannan gandu ya fi sauran biyun nauyi ga mai sha'awar kiwo shi ne, labarin da yake bayarwa labarin yadda kiwon sake ya zo ƙarshe ne a wannan yanki. Hunturun 1886 zuwa 1887 ya zo da sanyi da dusar ƙanƙara irin wanda makiyayan ba su taɓa shiryawa ba, bayan rani mai fari da kuma cunkoson dabbobi da ya riga ya cinye ciyawa. Shanu suka mutu ba adadi, manyan masu garke da yawa suka karye. Kohrs ya tsira ne saboda yana da gandun gida inda yake tara ingirici, ya kuma sami rance daga wani mai banki a Butte ya sake gina garkensa. Bayan wannan sai waya mai ƙaya, wadda Joseph Glidden ya yi wa rajista a 1874, da dokokin raba filaye ga manoma 'yan kama-wuri-zauna suka riƙa cin filin kiwon kaɗan-kaɗan, har a 1934 aka kafa dokar Taylor wadda ta sa kiwo a filin gwamnatin tarayya ya zama sai da izini. Jikan Kohrs, Conrad Warren, wanda ya karɓi ragamar gandun a shekarun 1930, kiwonsa na killace ne gaba ɗaya: shanun Hereford, jajaye masu farar fuska, da manyan dawakan Beljiyam masu jan kaya. Shi da matarsa Nell ne suka ƙi yarda a watsar da kayan kakanni da takardunsu, shi ya sa da majalisar dokokin Amurka ta mayar da wurin na tarihi a 1972, aka same shi kusan cikakke.

Duk wanda ya bi muhawarar da ake yi a Najeriya kan burtali da wuraren kiwo, tun daga dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965, zuwa dokar hana kiwon sake ta jihar Binuwai a 2017, da shirin Ruga da aka dakatar a 2019, zai ji kamar ana ba shi labarin da ya sani da wasu sunaye. Sai dai a yi hattara da kwatancen. Kohrs ɗan kasuwa ne mai banki a bayansa da jirgin ƙasa a ƙofar gidansa, shanunsa haja ce, makiyayansa kuma 'yan ƙwadago ne da ake biya a wata. Bafulatanin da ke tafe da iyalinsa da garken da ya gada daga mahaifinsa yana cikin wani hali daban. Amfanin ziyarar ga mai wannan tunani shi ne ya ga da idonsa abin da killace dabba yake buƙata kafin ya yiwu: ruwan ban-ƙasa, gonar ciyawa, wurin ajiya, jari, da kasuwa tabbatacciya.

Yau gandun yana da faɗin kimanin eka 1,600 da tsofaffin gine-gine sama da 80, kuma har yanzu ana kiwon shanu da dawaki a cikinsa. Shiga kyauta ne. Babban gidan, wanda aka ƙara masa sashen jan bulo a 1890, ana zagaya shi ne tare da ma'aikaci, rukuni-rukuni, kuma mafi yawan kujeru, kwanuka da kayan adon da ke ciki na Augusta ne, matar Kohrs, ba waɗanda aka sayo daga baya domin cike gurbi ba. 'Yan taku kaɗan daga wannan gida na alfarma akwai jerin ɗakunan kwanan makiyaya, kuma bambancin da ke tsakanin wuraren biyu ya isa darasi. A watannin zafi ana hura wuta a maƙera, ana dafa gahawa a gefen keken dokin da a da yake bin makiyaya da abinci, kuma idan mutum ya dace da lokacin yankan ciyawa yana iya ganin yadda ake tara ingirici da wani dogon tsani na katako, wanda ake jan ciyawa a kansa har ta faɗa bisa tari. Kogin Clark Fork ya ratsa ta cikin gandun, kuma gaɓarsa na ɗauke da wani tarihin na daban, domin dattin ma'adinan tagulla daga Butte da Anaconda ya gurɓata ta, an kuma daɗe ana aikin tsabtace ta.

Aibin Grant-Kohrs guda ne, amma babba ne: nisa. Montana ba ta kan hanyar kowa. Daga Butte tafiyar kimanin kilomita 60 ce, daga Missoula kuma kimanin 130, kuma dukansu filayen jirginsu ƙanana ne, galibi sai an sauya jirgi kafin a kai. Lokacin da ya dace gajere ne, daga Yuni zuwa farkon Satumba, domin a hunturu, ko da yake wurin yana buɗe in ban da wasu ranakun bukukuwa, sanyin kan sauka ƙasa da sifili sosai, kuma yawancin ayyukan nuni sukan tsaya. Wanda ya riga ya shirya zuwa gandun dajin Yellowstone ko na Glacier ya yi sa'a, domin Deer Lodge na tsakaninsu. Wanda kuwa zai taso musamman daga gabashin Amurka saboda ziyarar rabin yini, sai ya kasance kiwo ya shiga ransa da gaske.

Gandun Johnson na Texas ya fi sauƙin kaiwa nesa ba kusa ba. Yana kusa da ƙauyen Stonewall a bakin kogin Pedernales, tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya da rabi a mota ba daga Austin ko San Antonio, kuma mazauna Houston, inda 'yan Najeriya suke da yawa, suna iya zuwa a ƙarshen mako su kwana ɗaya su dawo. A nan aka haifi Lyndon Johnson ranar 27 ga Agusta, 1908, a nan ya rasu ranar 22 ga Janairu, 1973, a nan kuma aka binne shi, a maƙabartar danginsa ƙarƙashin manyan itatuwa. Ya karɓi babban gidan gandun daga hannun wata gwaggonsa a 1951 lokacin yana sanata, kuma bayan ya zama shugaban ƙasa na 36 a 1963 ya riƙa dawowa har kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kwanakin mulkinsa a nan ya yi su, abin da ya sa ake kiran gidan Fadar White House ta Texas. A nan ya karɓi shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, Ludwig Erhard, a Disambar 1963. Akwai filin saukar jirgi a cikin gandun, da ƙaramin jirgin da yake kawo Johnson.

Shi da matarsa, wadda aka fi sani da Lady Bird, sun miƙa gandun ga al'umma a 1972 bisa sharaɗi biyu: za su ci gaba da zama a gidan muddin ransu, kuma wurin zai ci gaba da zama gandun kiwo mai aiki. An cika duka biyun. Uwargidan ta ci gaba da zama a gidan lokaci-lokaci har rasuwarta a 2007, shanun Hereford da ke yawo a gefen hanya kuwa jikokin garken Johnson ne, kuma ana yi musu lamba a ƙaho. Yadda ake ziyarar ya bambanta da na Montana, domin a cikin motarka za ka zagaya. Ana karɓar takardar izini kyauta a ofishin baƙi na wurin shaƙatawar jiha da ke tsallaken kogin, sannan a bi hanya ana tsayawa inda ake so: gidan haihuwarsa da aka sake ginawa, maƙabarta, rumfar baje kolin shanu, da makarantar Junction mai aji ɗaya inda ya fara karatu yana ɗan shekara huɗu. A gefen wannan makaranta ne, ranar 11 ga Afrilu, 1965, ya sa hannu a dokar tallafa wa ilimin firamare da sakandare, malamarsa ta farko tana zaune kusa da shi. Ga malamin makaranta, ko ɗalibin siyasa da mulki, wannan ɗan ƙaramin gini kaɗai ya isa dalilin zuwa.

To amma a faɗi gaskiya, a nan shanu ado ne ga labarin mutum ɗaya. Komai yana komawa ga Johnson: talaucin yankin a yarintarsa, yadda ya yi fafutukar kai wutar lantarki ƙauyukan a ƙarshen shekarun 1930, dokar 'yancin jama'a ta 1964 da ta 'yancin zaɓe ta 1965 waɗanda suka canza rayuwar baƙaƙen fata, da kuma yaƙin Biyetnam da ya ɓata ƙarshen mulkinsa. Wanda bai damu da siyasar Amurka ba zai iya gama zagayen cikin awa ɗaya ya ji bai ga komai ba sai fili da shanu. Akwai kuma wani abin lura mai muhimmanci: an rufe cikin babban gidan tun 2018 saboda matsalar gini, aka shiga doguwar gyara, don haka wajibi ne a duba sanarwar hukumar da ke kula da wurin kafin a kama hanya, kada a je da burin shiga ofishin shugaban a tarar da ƙofa a kulle.

Abin da ke rage wannan gibi shi ne maƙwabtansa. A cikin wurin shaƙatawar jihar akwai gidan gonar Sauer-Beckmann, inda ma'aikata sanye da tufafin da suke yin aikin gida da na gona kamar yadda Jamusawan yankin suke yi wajen 1918: tatsar nono, kaɗa man shanu, girki a murhun itace, ba lantarki ba famfo. Yara kan fi jin daɗin wannan sashe fiye da komai, kuma wanda ya tashi a ƙauye zai ga abubuwa da yawa da ya sani. Iyalan da ke kauce wa alade su san cewa ana kiwonsa a wannan gona. Ana kuma ajiye ɓauna da shanun Texas masu dogayen ƙaho, waɗanda kan tuna wa mutum da rahajin Bororo. Kimanin kilomita 22 gabas, a garin Johnson City, akwai gidan da Johnson ya tashi a ciki da kuma tsohon mazaunin kakansa, wanda ya yi sana'ar kora shanu zuwa arewa bayan yaƙin basasar Amurka. Lokaci mafi kyau shi ne ƙarshen Maris zuwa Afrilu, sa'ad da furanni shuɗaye suke rufe gefen hanyoyi, ko kuma Oktoba da Nuwamba. Zafin Yuli da Agusta kan haura digiri 35, wanda ba zai ba ɗan Sakkwato ko Maiduguri tsoro ba, amma yana gajiyar da yara da tsofaffi.

Wilder kuwa wani abu ne daban, kuma shi ne ya fi cancanta a kira shi wurin shaƙatawa. Yana bakin babbar hanya mai lamba 1, 'yan kilomitoci kaɗan yamma da birnin Santa Cruz, kimanin awa ɗaya daga San Jose, awa ɗaya da rabi zuwa biyu daga San Francisco. Gandun madara ne, ba na shanun yanka ba. Ƙasar ta mutanen Ohlone ce tun asali, sannan ta zama makiyayar mishan ɗin Santa Cruz a zamanin Sifaniyawa, a 1839 kuma gwamnatin Meksiko ta ba da ita ga 'yan matan gidan Castro, waɗanda ɗayarsu ta auri wani matuƙin jirgin ruwa ɗan asalin Rasha mai suna Bolcoff. Wani sashe na ginin tubalin da ya yi yana nan, kuma duk wanda ya san ginin ƙasa zai tsaya ya dube shi da kyau. Deloss Wilder ya sayi wurin tare da abokin kasuwancinsa a 1871, zuriyarsa kuma suka riƙe shi har 1969, lokacin da harajin ƙasa ya fi abin da gonar ke samarwa. An so a yanka filin a gina dubban gidaje, mutanen yankin suka ƙi, jihar Kalifoniya ta saye shi a 1974.

Sashen tarihin ƙarami ne: tsohon gidan gona na 1859, gidan ado na 1897, rumfunan dabbobi, da wani shagon injuna na 1896 wanda ƙarfin ruwa ke juya kayan aikinsa ta hanyar bel-bel da ke rataye a sama. Wannan shago shi ne abin da ya fi burgewa a wurin, musamman ga injiniya ko mai sha'awar yadda za a samar da ƙarfi ba tare da man fetur ba. Masu aikin sa kai kan buɗe gidajen su yi nuni a ƙarshen mako, ranakun aiki kuwa mutum na iya tarar da su a rufe. Akwai awaki, kaji da dawaki, amma babu babban garke. Ainihin dukiyar Wilder ita ce filinsa mai faɗin kimanin eka 7,000 da hanyoyin ƙafa da na keke da suka kai kusan kilomita 55, daga gaɓar teku har cikin tuddai masu dogayen itatuwa. Hanyar da ta bi saman gaɓar teku shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa ba gangara, kuma a lokacin ƙaurarsu ana iya hango manyan dabbobin teku suna wucewa. Ana biyan kuɗin ajiye mota, saɓanin sauran biyun. Iska tana da sanyi ko a tsakiyar Yuli, hazo kuma kan rufe safiya, don haka rigar sanyi ba ta zama a gida.

Idan aka zo batun kuɗi, kada kyautar shiga ta ruɗi mutum. Grant-Kohrs, wanda ba a biyan ko sisi a ƙofarsa, shi ne mafi tsada idan aka haɗa jirgi, hayar mota da masauki a watannin da kowa ke tururuwa Montana. Gandun Johnson ma kyauta ne, kuma ga mazaunin Texas kuɗin mai ne kawai, sai dai masauki a garin Fredericksburg da ke kusa kan yi tsada a ƙarshen mako saboda masu zuwa gonakin inabi, don haka kwana a Austin ko San Antonio ya fi sauƙi. Wilder yana da kuɗin mota kaɗan, kuma shi kaɗai ne ake iya kaiwa ba tare da mota ba, domin akwai hanyar keke daga Santa Cruz. Akwai wani bambanci da ba a cika lura da shi ba: na Montana da na Texas suna ƙarƙashin gwamnatin tarayya, don haka idan rikicin kasafin kuɗi ya tsayar da ayyukan gwamnati, kamar yadda ya faru a 2013 da kuma ƙarshen 2018, ana iya rufe su ko a rage ma'aikata, alhali Wilder na jiha ne.

Ga Musulmi, batun abinci da salla ma yana shiga lissafi. Austin, San Antonio da San Jose duk suna da masallatai da shagunan naman halal, don haka mai zuwa Texas ko Kalifoniya zai iya yin guzurinsa da safe ya kuma sami jam'i idan ya dawo. A Deer Lodge sai mutum ya taho da abincinsa ko ya tsaya ga kifi da kayan lambu. Wurin shimfiɗa darduma kuwa ba ya wuya a ko'ina cikin ukun, tunda fili ne a buɗe, sai dai a nisanci inda dabbobi suke, a kuma tuna cewa a Montana ranar Yuni doguwa ce ƙwarai, magariba kan kai wajen ƙarfe tara da rabi na dare.

Game da wanda za a tafi da shi, nan ma amsar tana canzawa. Idan akwai dattijo ko dattijuwa da tafiyar ƙafa ke yi wa wuya, gandun Johnson ya fi, domin mafi yawan zagayen a zaune ake yin sa. Idan yara ne masu ƙarfi a jika da ke buƙatar sarari, Wilder ya fi, sai dai a riƙe hannunsu a saman gaɓar teku, domin tana da tsayi kuma bakinta kan zaizaye. Grant-Kohrs yana tsakiya: gine-ginen suna kusa da juna, tafiyar ba ta da yawa, kuma yaro da babba kowa na samun abin kallo, ga shi babu cunkoson jama'a, har ma'aikaci kan sami lokacin tsayawa ya amsa tambaya a tsanake. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya zo da tambayoyi kan yawan ciyawar da saniya ke ci a hunturu ko yadda ake raba ruwa tsakanin gonaki.

Zaɓina, ga wanda kiwo da tarihinsa ne suka fito da shi, Grant-Kohrs ne ba tare da wata tantama ba, kuma zan ba shi shawara ya sa tafiyar a watan Yuli, ya ba wurin yini guda cur, ya fara da zagayen babban gida da safe kafin rukunin ya cika, sannan ya bi hanyar da ta nufi kogi da yamma. Mazaunin Texas da ke da ƙarshen mako ɗaya kada ya jira sai ya tara kuɗin Montana, ya tafi Stonewall a watan Afrilu, ya haɗa da gonar Sauer-Beckmann da Johnson City, bayan ya tabbatar da halin da babban gidan yake ciki. Wanda ke yankin San Francisco kuma yana son fitar da iyali su sha iska, ya je Wilder ranar Asabar ko Lahadi domin ya tarar da shagon injuna a buɗe, ya isa da wuri kafin wurin ajiye motoci ya cika.